Rashin jin daɗin rayuwa ne ke sa ɗalibi saurin hasala, ko dai hali ne kawai?

Ɗan_aji_uku:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni amma kada a yi min dariya. Ina aji uku a jami'a, tun da aka dawo semestar nan na koma wani irin mutum da ni kaina ban gane shi ba. Da ko taka ni aka yi ni ke cewa yi haƙuri, yanzu kuwa abu kaɗan sai in ji zuciyata na tafasa. Shekaranjiya abokin ɗakina ya zare cajata ya sa tasa, wayar tawa ma ta kusa cika fa, wallahi ban san sanda na fizge tasa na cilla kan katifa ba na dinga zazzaga masa masifa har da gorin abin da ya wuce tun muna aji ɗaya. Bawan Allahn nan ya tsaya yana kallona sai kawai ya ce "kai lafiya kuwa?" Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Gaskiya kwas ɗin da nake yi ba shi na nema ba, ga kariyoba biyu a kaina, wato darussan da na faɗi sai na maimaita, waɗanda muka gama sakandare tare wasu har sun kammala. To shin wannan ne ke jawo min zafin rai ko dama haka nake yanzu ne halin ya fito?

Yayar_kowa:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ba kai kaɗai ba ne, kuma abin da ka tambaya masu ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe a kansa, shi na karanta. Tun 1939 John Dollard da Neal Miller da abokan aikinsu a jami'ar Yale suka ce in aka tare mutum daga abin da ya sa gaba, takaicin yakan koma neman wanda za a huce a kansa. Matsalar kuma ita ce ba ka isa ka yi wa rizolt ihu ba, ba ka isa ka ci kwalar lakcara ba, sai a bar jaki a koma dukan taiki. Abokin ɗakinka shi ne taikin, cajar nan ba ta yi maka komai ba. Daga baya a 1989 Leonard Berkowitz ya gyara maganar, ya ce ba kowane cikas ke haifar da faɗa ba, sai wanda ya bar maka ɗaci a rai, kuma duk abin da zai ɓata maka rai ko da zafin rana ne ko ciwon kai zai iya taka rawar nan.

Akwai wasu tambayoyi biyar kacal da Ed Diener da abokansa suka fitar a 1985 na auna gamsuwa da rayuwa, kowace za ka ba ta maki daga 1 zuwa 7, jimla daga 5 zuwa 35, 20 ita ce tsakiya. Ɗaya a ciki cewa take da za a maimaita maka rayuwarka kusan babu abin da za ka sauya, ka yarda ko ba ka yarda ba. In aka raba wa ɗalibai wannan tare da ma'aunin zafin kai, abin da aka fi samu shi ne masu ƙaramin maki a gamsuwa sun fi fushi da ƙullatar mutane. Amma fa a kula, wannan bai nuna wanne ya haifi wanne ba, don mai yawan masifa shi ma korar abokai yake yi, in ya wayi gari ba kowa sai rayuwar ta ƙara yi masa ɗaci.

Ba_sani_ba_sabo:
Yaya da girmanki amma ni ban gamsu ba. A ajinmu wanda ya fi kowa rigima da mota yake zuwa, bai taɓa sanin bashin kuɗin makaranta ba, kuma akwai wanda takalminsa ɗaya tun aji ɗaya amma ko ɗaga murya ban taɓa jin ya yi ba. Hali ne kawai, wani tun a gida aka sangarta shi.

Yayar_kowa:
Ai ban ce talauci ba malam, gamsuwa na ce. Ma'aunin ba ya tambayar me ka mallaka, yana tambayar yadda KAI kake ganin rayuwarka in ka gwada ta da wadda kake so. Mai motar nan ƙila babansa ya tilasta masa kwas ɗin, ƙila yayyensa duk sun fita da sakamako mai daraja ta ɗaya kullum ana yi masa gori da su. Leon Festinger tun 1954 ya yi bayanin yadda muke auna kanmu da na kusa da mu, lokacin ma babu Instagram balle ka kwanta tsakar dare kana kallon hoton sa'anka da rigar kammala karatu. Hali da tarbiyya suna da nasu kason, wannan kam na yarda da kai.

Mujiya:
Ni tambaya ɗaya zan maka, awa nawa kake barci? Don ni a aji biyu haka na zama, karatun dare har asuba, ƙarfe takwas lakca, wata rana saboda wani ya ja kujerar da na ɗora jakata saura kaɗan mu dambace a gaban kowa. A 2007 su Matthew Walker sun hana wasu matasa barci wajen awa 35 suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, sashen da ke zabura in an ga abin tashin hankali ya fi na waɗanda suka yi barci motsi da sama da kashi 60 cikin ɗari. Ga shi sashen gaban ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki sai wajen shekara 25 yake gama nuna. Kafin ka yanke wa kanka hukuncin mugun hali yi sati biyu kana barci kamar mutum tukuna.

Uwar_ɗaki_12:
Duk kun tafi kan ihu da cin kwala, na ɓangarenmu mata fa? Ma'aunin zafin kai na Buss da Perry na 1992 mai tambayoyi 29 gida huɗu ya raba abin, akwai kai hannu, akwai baƙar magana, akwai fushi, sai ƙullata da zargin mutane. Maza sun yi nisa a kai hannu amma a fushi kusan kunnen doki ake. Ni na zauna ɗaki da wata, ba ta taɓa zagin kowa ba, amma in ta tashi sai ta buɗe sabon gurup a WhatsApp babu ke, ki shigo ɗaki a yi tsit, ki fita ki ji dariya, ga habaici a sitatus. Wata huɗu ina wannan zaman har na fara kwana ɗakin ƙawata. Sai daga baya na ji ashe tun shekarar da ta wuce aka ba ta gargaɗin kora saboda makinta ya faɗi kuma ba ta gaya wa gida ba. Na tausaya mata amma har yau in na hango ta hanya nake sauyawa.

Ba_sani_ba_sabo:
To ɗan'uwa in abin ya taso ka samu filo ka yi ta naushi har ka gaji, zai fita.

Yayar_kowa:
Kai a'a don Allah. Brad Bushman ya gwada wannan da ɗalibai a 2002, waɗanda suka naushi buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai sun fi fusata daga baya, waɗanda suka zauna shiru na minti biyu ba su yi komai ba sun fi su sauka. Ai ko a hadisi cewa aka yi in kana tsaye ka zauna. Kuma ƙanina in akwai ofishin ba da shawara a makarantarku ka leƙa, musamman in barci ko cin abinci ya fara gagararka.

Ɗan_aji_uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na nemo tambayoyin biyar ɗin na amsa, 13 na samu, ta maimaita rayuwar nan ko tunani ban yi ba na ba ta 1. Barci kuma Mujiya ka kama ni, awa huɗu ne in ya yi yawa. Jiya da daddare na ba abokin ɗakin nawa haƙuri, ya ce ba komai ya wuce, amma na lura yau da safe a ɗakin maƙwabta ya kai wayarsa caji. Yaya wata tambayar, a aji uku ana iya sauya kwas kuwa ko lokaci ya ƙure?