Waɗanda suka ga haɗewar bankuna ta 2005, yaya shugabanninku suka bi da ku?

Ƙanwarku daga Kaduna:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Tun da Babban Banki ya fito da sabuwar ƙa'idar jari a Maris 2024, naira biliyan 500 ga banki mai lasisin ƙasa da ƙasa, 200 ga na ƙasa baki ɗaya, 50 ga na yanki, maganar haɗewa ba ta bar bakin kowa a reshenmu ba. Lokacin haɗewar 2005, ta zamanin Soludo, gwamnan Babban Banki na wancan lokaci, ina firamare. Don Allah waɗanda suka yi aikin banki a lokacin, me shugabanninku suka yi da ya taimaka, me kuma ya ɓata lamari? Yadda aka bi da ma'aikata nake son ji.

Tsohon Manaja:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ranar 6 ga Yuli 2004 Farfesa Charles Soludo ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga biliyan 2 zuwa 25 kafin 31 ga Disamba 2005. Bankuna 89 ne a lokacin, 25 suka fito, 14 suka kasa kaiwa. Ni ina riƙe da wani reshe a Kano.

Abin da ya fi cin mu shi ne shirun hedikwata. Sunan bankin da za mu haɗe da shi a jarida na fara gani, kuma wani mai ajiya ne ya kawo mini ita har ofis. Da shugaba ya yi shiru, jita-jita ce ke karɓar ragama: yau a ce za a rufe rassan Arewa, gobe a ce duk wanda ya haura shekara arba'in ya tafi. Sai na tsiri tara ma'aikata duk safiyar Litinin kafin a buɗe ƙofa, har masinja da direba, in faɗa musu abin da ya zo a rubuce da abin da har yanzu ba a yanke ba. Ban taɓa ce wa kowa aikinsa na nan daram ba, don ba a hannuna yake ba. Tsoro bai gushe ba, amma an daina taron ƙus-ƙus a bayan janareta.

Hajiya Kashiya:
Alhaji ya yi ƙoƙari, mu ba mu samu irinsa ba. An raba mana riguna da huluna masu sabon tambari, aka ce yanzu duk gida ɗaya ne. A makon nan kuma aka miƙa wa wasu takardar sallama da yammacin Juma'a, bayan sun gama ƙirga kuɗi. Daga ranar ba wanda ya ƙara sa rigar.

Sai batun daidaita matakin albashi. Yarinyar da na girme wa a aiki nesa ba kusa ba ta zo daga ɗaya bankin a samana, saboda sunayen muƙamansu ba irin namu ba ne, kuma ba wanda ya zauna ya bayyana mana ma'aunin da aka bi. Reshe ya rabu gida biyu, "mu" da "su", har wurin cin abinci. Wadda ta gyara mu wata shugabar sashen ayyuka ce, kuma daga ɓangarensu take. Ta bar ofishinta ta zauna a kantar biyan kuɗi tare da mu, layi ya yi tsawo ta ja kujera ta biya mutane da hannunta, kuɗi ya ƙi daidaita da yamma ba ta tafiya sai an gano inda ya maƙale. Ba ta taɓa yi mana lacca kan haɗin kai ba.

Mai Kwamfuta:
Namu ɓangaren ba a cika tunawa da shi ba. Wannan banki na kan manhajar Finacle, wancan Flexcube, wani Globus, kuma lokacin babu lambar asusu ta bai ɗaya mai lamba goma, kowa da tsarinsa. Ku tuna akwai inda bankuna tara suka zama ɗaya, wato Unity Bank. A wurinmu manhajar bankin da ya fi ƙarfi aka ɗauka ba tare da shawara ba, aka ce a juya duk rassa a ƙarshen mako guda. Wani babban darakta ya taka birki. Ya sa aka ɗebo ma'aikatan kantar biyan kuɗi daga ɓangarorin biyu suka zauna da mu, aka fara gwaji da rassa kaɗan. Su ne suka tuna mana da katunan sa hannu na tsofaffin asusu da masu dangwala yatsa, abin da mu 'yan kwamfuta ko a mafarki bai zo mana ba.

Malamin Jami'a:
Ni ban yi aikin banki ba, darasin gudanarwa nake koyarwa, amma abin da Mai Kwamfuta ya faɗa an gwada shi tun 1948. Lester Coch da John French sun yi bincike a masaƙar Harwood da ke Marion, jihar Virginia a Amurka, inda ake ɗinka kayan barci. Rukunin da aka sanar da su sabon tsari kawai, aikinsu ya faɗi, wasu suka ajiye aiki. Waɗanda aka sa cikin tsara canjin sun farfaɗo da wuri har suka wuce yadda suke a da. Kurt Lewin, wanda binciken ya ginu a kan tunaninsa, ya kasa canji mataki uku: a sassauta tsohon hali, a motsa, sannan a kafe sabon. John Kotter kuma a 1995 ya ce kuskuren farko shi ne rashin sa mutane su ji abin na gaggawa ne. Wannan kam wa'adin Soludo ya ɗauke wa kowa. Inda na ga an gaza, bisa labaranku, shi ne bayani da kuma mataki na uku: an canza allon sunan banki, ba a tsaya an gina al'adar aiki ɗaya ba.

Tsohon Manaja:
Allah ya gafarta Malam, zan ɗan ja da kai. Masaƙa daban, banki daban. In labari ya fita cewa banki na neman mai ceto, kafin azahar masu ajiya sun yi layi, ga kuma hannun jari a kasuwa. Dole wasu abubuwa su zama sirri. Laifin da nake gani shi ne an ɗauki komai sirri. Da wa za a haɗe, wannan na manya ne. Amma yadda za a auna mataki, da abin da wanda aka sallama zai samu, da ranar da za a sanar, me ya hana a faɗa tun farko?

Ɗan Kwari:
Mu 'yan kasuwa mutum muke bi, ba allo ba. Yaron da ke kula da asusuna ya san lokacin da kayana ke isowa, ya san lokacin da nake ƙarancin kuɗi. Aka wayi gari an mayar da shi wani gari ba sallama, wanda ya gaje shi komai sai ya ce sai an tambayi Legas. Na kwashe kuɗina na bi yaron inda ya koma daga baya. Da manaja ya kawo mini sabon har shago ya gabatar da shi, da wataƙila ban tashi ba.

Yayarku ta sashen ma'aikata:
Ƙanwata, kar girman jari ya ruɗe ki. A Agusta 2009 gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya cire shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, kuma duk sun tsallake ƙa'idar biliyan 25. Ki lura da wanda aka ɗora a kan kwamitin haɗewa: in duk daga ɓangare ɗaya suke, kin san inda aka dosa. Sannan ku nemi amsa a rubuce, ta hannun ƙungiyarku in kuna da ita: shekarun aikinku za su ci gaba da ƙirguwa ko sabon lale za a yi, yaya za a yi da bashin ma'aikata da ke kanku, kuma masu kwantiragi suna cikin yarjejeniyar ko kamfanin da ya kawo su za a bar wa. Ki adana kwafin takardar ɗaukarki da ta ƙarin girma ta ƙarshe a gida, kada ki bar su a durowar ofis.

Ƙanwarku daga Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, ni ta kwantiragi ce. Wa ya kamata in fara tambaya, manajanmu ko kamfanin da ya ɗauke ni?