Tayarod ɗin da bai cika wata biyu ba

Baban Ilham: Salamu alaikum jama'a. Yau na ga ikon Allah a titin Zariya, daf da Kwanar Dawaki. Corolla ɗina ce ƙirar 2006, ina tafe sitiyari ya fara rawa a hannuna, motar tana janyewa dama. Na faka na leƙa, tayarod ɗin da na saya, wato sandar da ke haɗa sitiyari da tayar gaba, ko wata biyu bai yi ba ya yi lakaf, robarsa ta yage, giris ya tsiyaye, tayar gaba ta cinye ta ciki har waya ta fito. A kwalinsa an rubuta Japan ƙuru-ƙuru. Ni da kaina na ɗaura shi ranar wata Asabar don gudun yaran gareji. Masu sayar mana da jabu, ku ji tsoron Allah, da iyalina nake cikin motar nan.

Hajiya Maman Biyu: Subhanallahi. Allah ya ƙara tsarewa.

Alhaji Mai Sifiya: An auna arziki, Malam. Amma kalmar jabun nan ka janye ta. Shekarata ashirin a Ƙofar Ruwa. Kaya hawa-hawa ne, akwai na ɗaya, akwai na biyu, akwai wanda mu kanmu muke ce wa mai saye lallaɓa. In ka biya kuɗin na uku aka ba ka na uku, ina jabu a nan?

Baban Ilham: Alhaji, kwali ya ce Japan.

Alhaji Mai Sifiya: Kwali daban, kaya daban. Nawa ka biya?

Ɗan Panteka: Ji wata magana don Allah. To ai wannan shi ne jabun, Alhaji! A sa abu a rigar da ba tasa ba. Ɗauki misalin kayan nan mai tambarin 555, na gaske kamfanin Sankei ne ke yin sa a Japan, tayarod da boljoyin, wato mahaɗar ƙafar mota, kuma yana da ƙarko. Saboda sunansa ne ake buga kwalinsa ana zuba tarkace.

Alhaji Mai Sifiya: Ku 'yan Kaduna har kuna da bakin magana? Wa ya kai ku wanke tsohon kaya da fetur a shafa baƙin fenti a ce Beljiyam ne?

Ɗan Panteka: Wancan gwanjo ne, ba jabu ba. Gwanjo dai an san uwarsa da ubansa.

Malam Na Ajin Hausa: Ku dakata. Jabu asalinsa kuɗin ƙarya ne, tun zamanin sulalla, kuma an ce daga sunan Ijebu na ƙasar Yarbawa kalmar ta fito. Sharaɗinsa shi ne yaudara. Abu maras inganci da bai yi ƙaryar suna ba, sai dai a ce masa maras aminci.

Tunde Bakano: Malam, me ya kawo Ijebu cikin zancen tayarod? Kakata 'yar can ce, a kiyaye.

Malam Na Ajin Hausa: Tarihin kalma na faɗa, ɗan'uwa, ban zagi kowa ba.

Oga Bakanike: Kuna ta jabu jabu, ba wanda ya ga inda ya ce da kansa ya ɗaura. Baban Ilham, tambaya uku. Da za ka cire tsohon, ka ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita daga zaren, don sabon ya zauna daidai wurin? Bayan ka gama ka je an yi maka alaimen, wato saitin tayoyi? Sannan notin nan mai tsaga-tsaga a kai, ka zura masa fin ɗinsa ka lanƙwasa?

Baban Ilham: Ban ƙirga ba, da ido na gwada. Alaimen kuma na ce sai albashi ya shigo. Fin ɗin ya ɓace a ƙasa, na sa ƙusa.

Oga Bakanike: Ƙusa! To tayar nan ba tayarod ya ci ta ba, kai ka ci ta. Zagaye biyu kacal in ka kuskure, tayoyin gaba sun daina kallon wuri ɗaya, ɗaya na jan ɗaya a kan kwalta. Robar kuma ina kyautata zaton guduma ce ta taɓa ta. Da ta yage ƙura da ruwa sun shiga, ko daga kamfanin Toyota aka aiko maka shi ba zai kai damina ba. In noti bai ɗauru sosai ba kuwa, sandar tana wasa a cikin ramin har ta faɗaɗa shi, ka tashi daga sayen tayarod ka koma sayen nokul, ƙarfen da ke riƙe da tayar.

Direban Sharon: Oga, ku ma fa ba waliyyai ba ne. Wani yaronku ya cire min rak, ƙarfen sitiyari da tayarod ke haɗe da shi, ya bar sitiyari yana juyawa yadda ya ga dama, wayar nan mai naɗi da ke bayan sitiyari ta tsinke. Hon ya mutu, fitilar iyabag ta kama. Da ya ɗaure sitiyarin da bel ɗin kujera da duk ba a yi haka ba.

Oga Bakanike: Wane yaronmu? Duk mai riƙe da sifana yarona ne?

Hajiya Maman Biyu: Ni ma Honda ɗina wani ya zuba wa ATF, wato man giyar otomatik, a sitiyari, alhali man sitiyarin Honda daban ne. Famfon ya dinga kuka kamar akuya.

Baba Mai Fijo: Duk ku kuka jawo wa kanku. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, 504 ɗina ta yi Maiduguri ta yi Sakkwato ban san wani abu tayarod ba.

Ɗan Panteka: Baba, 504 ma rak gare ta da tayarod. Bakanikenka ne dai bai gaya maka ba.

Baba Mai Fijo: Yaro, lokacin da nake tuƙi ba a yi auren uwarka ba.

Tunde Bakano: Har yanzu ina jiran Malam ya janye maganar Ijebu.

Alhaji Mai Sifiya: A matsayina na admin zan rufe maganar nan, ta fara tsami. Abin da aka cimma: na ɗaya, Malam ya tabbatar mana kalmar jabu ba ta dace da kayan kasuwa ba. Na biyu, Oga ya nuna laifin mai mota ne gaba ɗaya. Na uku, gwanjon Kaduna a yi hattara da shi. Mai son tayarod mai kyau ya same ni ta bayan fage.

Malam Na Ajin Hausa: Alhaji, ban ce haka ba. Cewa na yi in akwai ƙaryar suna jabu ne, kuma kwalinsa ya ce Japan.

Oga Bakanike: Ni ma ban ce gaba ɗaya ba. Ban ga kayan da idona ba.

Baban Ilham: To ni yanzu ɗaya ɓangaren, na hagu, shi ma irin kwalin ne. In cire ko in bari?

Baba Mai Fijo: Sayar da motar ka sayi 406.