"Sea Peoples" da Hausa: mun tsaya a kan Ƙabilun Teku

1/ Na gode wa duk wanda ya tanka a tambayar jiya, wato yadda za a fassara "Sea Peoples" da Hausa. Darasi nake shirya wa ɗalibaina kan tsohuwar Masar, sai na ci karo da "Sea Peoples". Da fari na rubuta "mutanen ruwa", na karanta wa uwargida. Ta ce, "A'uzubillahi! Malam, yanzu aljanu kake koya wa 'ya'yan mutane?" Nan take na soke shi.

2/ Ga waɗanda suka makara: wasu al'ummu ne da suka far wa Masar zamanin Fir'auna Merneptah, wajen 1208 kafin haihuwar Annabi Isa, suka sake dawowa zamanin Ramses na Uku, wajen 1175. Yaƙin na biyu yana sassaƙe a bangon haikalin Medinet Habu, daura da Luksor. Akwai Peleset, Sherden, Shekelesh, Denyen da sauransu. Wani Bafaranshe, Emmanuel de Rougé, shi ya haɗa su a suna guda a 1855.

3/ Tsoron uwargida ma da hujja, don mutanen nan sun daɗe da zama abincin masu shaci-faɗi. A 1953 wani fasto Bajamushe, Jürgen Spanuth, ya ce ai su ne ragowar mutanen Atlantis, tsibirin nan da Aflatun, masanin falsafar Girka, ya ce teku ya haɗiye cikin yini da dare guda. Aflatun ya ce shekara 9,000 kafin zamanin Solon, wani dattijon Girka da ya gabace shi, aka yi abin. Da lissafi ya ƙi fita daidai da zamanin Ramses, sai fasto ya ce watanni ake nufi. Ka ji ɗinkin da aka yi wa riga don ta shiga wuya! To idan muka ƙara da suna mai warin iskokai, yaro zai ɗauka duka tatsuniya ce, alhali yaƙin Ramses na nan a jikin dutse.

4/ Wani ya kawo "Sarkawa". A'a yallaɓai, su masunta ne.

5/ "Maharan teku" ya ja hankalina ƙwarai, har na kwana da shi. Ya fi "'yan fashin teku" dacewa, kuma yana da daɗin faɗi. Abin da ya kayar da shi zanen bangon ne da kansa: ga amalanke shanu na ja, mata da yara a ciki. Mahari ba ya ɗauko goyo. Wannan ƙaura ce, ko da kuwa da takobi a hannu.

6/ Wata malama ta ce "Ƙabilun Teku". Jam'i ne, ya nuna su iri-iri ne, bai yanke musu hukuncin fashi ba, kuma babu aljani a ciki. "Al'ummun Teku" ma ba laifi, sai dai ya yi wa bakin ɗan aji biyu nauyi.

7/ Atlantis kuwa suna ne na yanka, ba a fassara shi. Gobe da safe Ƙabilun Teku zan rubuta a allo, in ji abin da yara za su ce.