Giwaye na cinye gonakin gefen gandu: wace hanya ce ke aiki ba tare da an kashe su ba?

Ɗan Gefen Gandu:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar namun daji. Inda gonaki suka yi iyaka da gandun daji, giwaye kan fito da dare idan amfanin gona ya kusa nuna, su ci na ci, su tattake sauran. Babbar giwa na iya cin kilo 150 a yini, don haka garke ɗaya ya isa ya gama da gonar ƙaramin manomi kafin asuba. Doka ta hana kashe su, kuma da dalili, tunda a 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta sa giwayen Afirka iri biyu cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Amma wanda aka cinye wa abincin shekara ba ya jin wannan bayani, abin da ke biyo baya guba ne ko tarko. Shingen ƙudan zuma da ake ta magana a kai, yana aiki da gaske? In ba shi ba, sai me?

Mai Amya:

Wa alaikumus salam, Malam. Yana aiki, amma da sharuɗɗa. Giwa na tsoron ƙudan zuma saboda suna harbinta inda fata ba ta da kauri: gefen ido, bayan kunne, da cikin hanci. Dakta Lucy King ce ta fito da tsarin a Kenya tare da ƙungiyar Save the Elephants, kuma a gonakin da ke kusa da gandun Tsavo shingen ya juyar da kusan kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka tunkare shi. Wato wasu za su shiga, musamman toron giwa da ya saba.

Ga yadda ake kafa shi a gonar eka ɗaya. Amya 12 na gaske, da 12 na bogi da aka yanka daga katako aka shafa musu fenti iri ɗaya, ana jera su ɗaya bayan ɗaya, mita 10 tsakanin kowace da mai bi mata. Kowace amya ana rataye ta da waya tsakanin turaka biyu, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ta yadda za ta riƙa lilo. Sai a ja waya guda mai santsi ta haɗa su duka. Giwa ta zo ratsawa, ƙirjinta ya tura wayar, amyoyin hagu da dama su girgiza, ƙudan su fito. Sirrin yana cikin wannan lilon. Amyar da aka ɗaure tamau a kan turke ba ta da amfani a nan. Wayar kuma a maƙala ta da ƙugiya mai saki, don idan giwa ta banka da ƙarfi wayar ce za ta fita, ba amyar ce za ta faɗo ba.

Abin da ya fi kashe wannan aiki shi ne amya babu ƙuda a ciki. Giwa na da hankali, ba ta daɗewa take gane shingen fanko. Don haka a shafa kakin zuma a cikin amyar don jawo su, a yi mata rumfar ciyawa a sama saboda zafin rana na korar su, a ajiye ruwa kusa da 'yan tsakuwa ko itace a ciki don kada su nutse. Fari mai tsanani na sa su ƙaura gaba ɗaya, kuma an ga haka a Kenya a 2017. Feshin maganin ƙwari lokacin fure shi ma yana hallaka su. Sai dage, dabbar dajin nan da kan hau turke ya fasa amya ya sha zuma, maganinsa a naɗe turken da kwano mai santsi. Gara na cin turaka, shi ya sa ya fi kyau a dasa itacen da ke tsira daga reshe irin su dashi. Kada a kafa amya kusa da gida, hanyar yara ko inda ake ɗaure dabba, don dabbar da ke ɗaure ba ta iya gudu.

Zumar ta manomi ce. Wannan ne ke sa ya riƙa zagaya shingen yana gyara ko ba a sa shi ba.

Tsohon Mai Gadin Daji:

Bayanin Mai Amya daidai ne, amma akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara. Shinge ba ya ƙosar da giwa, juya ta kawai yake yi. Ka kare gona ɗaya, ta faɗa ta maƙwabci wanda ba shi da halin sayen amya, ka haɗa mutum biyu faɗa kuma giwar ba ta tsira ba. Saboda haka ana tsara kariya ne a matakin ƙauye: gonakin da ke bakin daji su ne kan gaba, kuma waɗanda ke bayansu su sa hannu a gyara tunda su ma ake karewa.

Kafin a kafa turke ko ɗaya a gano burtalin giwayen, hanyar da suke bi tsakanin wurin kiwo da ruwa. Suna bin ta shekara da shekaru, tsofaffin mata ne ke jan garke a kanta. Gonar da aka yi a tsakiyar burtali babu shingen da zai cece ta. Mafarauta da makiyaya na wurin sun fi kowa sanin waɗannan hanyoyi, a zauna da su a zana taswira.

Barkono kuma yana taimakawa idan an haɗa shi da wani abu. Ana niƙa busasshe mai zafi, a kwaɓa da baƙin mai, a shafa a igiya da tsummoki a rataye a zagayen gona. Ruwan sama na wanke shi, rana na kashe ƙarfinsa, sai an sake shafawa bayan 'yan makonni, ga baƙin mai yana gurɓata ƙasa. Akwai kuma curin barkono da kashin giwa da ake busarwa a ɗora masa garwashi da dare, amma hayaƙin na aiki ne kawai idan iska na kaɗawa wajen giwayen. Shingen lantarki ya fi duka ƙarfi, sai dai ciyawa ta taɓa waya wuta ta zube ƙasa, batir ya mutu, a sace farantin sola. Giwaye kuma sun gano haurensu ba ya ɗaukar wuta, da shi suke tsinka waya, ko su tura itace a kai. Duk dabarar da aka dogara da ita ita kaɗai, za su saba da ita. Harbe giwar da ta addabi mutane ma ba ya cika kawo ƙarshen ɓarna, saboda ƙananan maza sun riga sun koya daga gare ta.

Malama Mai Bincike:

Ni a wajena batun kuɗi da iko ya fi batun waya nauyi. Mutane na ɗaukar asara, ribar namun daji kuma tana tafiya wani wuri, to me zai sa su kare su?

Diyya ita ce ake fara tunani, kuma ita ce ta fi ba da kunya. Dokar namun daji ta Kenya ta 2013 ta tanadi diyya, amma takardun neman biya sun taru ana jira shekaru. Diyyar da ta zo bayan shekara uku ba ta ciyar da iyali a bana. Idan za a yi, a duba gona cikin kwana biyu kafin sawu ya ɓace, masu dubawa su haɗa da mutanen da ƙauyen ya zaɓa, a sanar da ƙa'idar lissafi tun kafin damina, kuma a sharɗanta cewa manomi ya yi nasa ƙoƙarin kariya.

Akwai hanyoyin da suka fi wannan. Namibiya ta gyara dokarta a 1996 ta ba al'ummomin karkara ikon kula da namun dajin yankinsu da cin moriyarsu, yanzu irin waɗannan yankuna sun haura 80. Yuganda na mayar da kashi 20 na kuɗin shiga gandu ga maƙwabtansa, Ruwanda kuma ta ɗaga nata kason na kuɗin yawon buɗe ido daga kashi 5 zuwa 10 a 2017. Suwidin ta juya lissafin gaba ɗaya: tun 1996 tana biyan makiyayan ƙabilar Sami ta arewacin ƙasar bisa yawan haihuwar da aka tabbatar ta wasu namun daji masu cin dabbobinsu, ba bisa yawan abin da aka cinye ba. Dabba mai rai ta zama ita ce ke kawo kuɗi.

Wurare biyu ake tuntuɓe. Na farko, a gina aji ko rijiya da kason, alhali wanda giwa ta cinye wa gona mutum ɗaya ne a bakin daji, shi bai ga komai a hannunsa ba. A ware wani ɓangare ga masu asara kai tsaye. Na biyu, kwamitin da ke kula da kuɗin ya faɗa hannun 'yan tsiraru. A riƙa karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a, a sa mata a ciki, don su ne ke haɗuwa da giwa a hanyar ruwa da itace. Kada kuma a jingina komai da masu yawon buɗe ido, annobar korona ta 2020 ta nuna yadda wannan kuɗi ke ƙafewa dare ɗaya.

Ɗan Gefen Gandu:

Allah ya saka da alheri. Idan kuɗi kaɗan ne, da me ake farawa?

Tsohon Mai Gadin Daji:

Da littafi, Malam. A ɗauki matasa biyu ko uku daga ƙauyen, a biya su, su rubuta kowace ɓarna tsawon damina guda: rana, lokaci, gonar wa, ta ina suka shigo, su nawa, maza ne ko garke mai 'ya'ya, me aka shuka, taku nawa aka lalata. Faɗin sawun ƙafar gaba na nuna girman giwa, a auna shi. Galibi za a tarar gonaki kaɗan ne ke shan yawancin ɓarnar, ta mashiga biyu ko uku, cikin makonnin da suka gabaci girbi. A nan za a zuba amyoyin farko. A rataye su tun kafin lokacin da ƙudan zuma ke sake gida a yankin, don su samu shiga su zauna kafin amfanin gona ya nuna.