Neman shawara: liƙa takardar bango a ɗakin amarya

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bikin ƙanwata ya matso, ɗakinta na unguwar Zariya, ginin siminti ne, an yi shafe aka bi da farar ƙasa. Muna son liƙa takardar bango mai furanni a bangon da gado zai jingina kawai, faɗi mita 4, tsawo mita 3. Hidimar jere ta cinye kuɗin mai aiki. Naɗi nawa za mu saya, da me da me, kuma za mu iya da kanmu?

Mai Fenti: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Za ku iya, amma farar ƙasar nan ce matsalarku. Ki shafa tafin hannu a bangon. In ya fito fari, gam ba zai kama siminti ba, garin zai kama, rana ɗaya ku tarar da takardar ta saluɓo kan gado. A kankare, a wanke, a cike ramuka, a goge da samfefa, a shafa gam mai ruwa-ruwa a bari ya kwana. Nan aikin yake, liƙawar wasa ce.

Ƙaramin naɗi faɗinsa santimita 53, tsawo kamar mita 10, yana ba da falle uku a bangonku. Falle takwas kuke buƙata. Naɗi uku sun isa a lissafi, amma ku sayi huɗu, daidaita furanni yana cin takarda. Ki duba lambar da ke jikin kowane naɗi ta zama iri ɗaya, in ba haka ba launi na iya bambanta.

'Yar Bagalam: Ni dai kokon sitacin rogo na dama na liƙa tawa, ga arha.

Mai Fenti: Ayya Yaya, abincin gara da kyankyasai kika shafa wa bango. Garin gam ake saya wurin masu kayan gini, a barbaɗa cikin ruwan sanyi ana motsawa don kada ya yi gudaji, a bari ya kumbura.

Baban Ɗaliba: Kayan aiki ba su da yawa: tsani, bokiti, buroshi mai faɗi, reza sabuwa, mitar awo, soso, tsumma mai laushi. Sai zare da ƙaramin dutse. Kada ku yarda da kusurwar ɗaki, maginanmu Allah ya saka musu, amma da wuya ka samu wadda ta miƙe sak. Ku ɗaure dutsen, ku saki zaren daga sama, in ya daina lilo ku ja layi da fensir. Fallen farko a kan layin nan zai zauna. In ya karkace, sauran bakwai duk sun bi shi, furen da ya fara a kafaɗa ya ƙare a ƙugu.

Kowane falle a bar rarar santimita 5 sama da ƙasa, a yanke daga baya. Ana shafawa daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita, baki da baki, ba a hawa kan juna.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Gam ɗin a bango ake shafawa ko a takarda?

Mai Fenti: Ya danganta. Mai baya kamar yadi, bango ake shafa wa, ita ta fi sauƙi ga sabon hannu. Mai bayan takarda zalla, ita ake shafa wa, a ninke ta gam kan gam, ta sha kamar minti goma, kowane falle ya sha daidai da saura. Ku kashe fanka, ku rufe taga, don iskar hunturu na busar da gefe kafin tsakiya, sai mahaɗa ta buɗe. A zafin Afrilu kuwa da asuba ake yi. Ku kashe wuta daga kwanta, wato mitar lantarki, kafin ku yanka wurin soket.

Inna ta Sabon Gari: Ɗiyata, ki tambayi maƙwabta ko gindin bangon na tsattsafo da damina. In yana yi, ku canza bango, ƙasan takardar baƙi zai yi. Kuma a gama kwana biyu kafin 'yan jere su shigo da gado.