Wane bakin teku mai natsuwa mutum zai iya kaiwa daga Jos ba tare da kashe kuɗi da yawa ba?

Malamin Firamare, Jos:
Assalamu alaikum. Ina so in kai maiɗakina da yara su ga teku a hutun ƙarshen zango, amma abin da ke hannuna bai kai na jirgin sama ba, kuma ba na son wuraren kiɗa da cunkoso irin na tsakiyar Legas. Waɗanda suka san hanya, ina ya kamata mu nufa, kuma a wane wata?

Alhajin Wuse:
Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce Grand-Popo da ke Jamhuriyar Benin, dab da iyakar Togo, inda kogin Mono yake haɗuwa da teku. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma dole kowa, har da yara, ya riƙe takardar tafiya da katin allurar shawara, domin a iyakar Seme katin nan ne ya fi jawo wa mutane jinkiri. Za ku shiga motar Legas, ku bi ta Badagry zuwa Seme, daga nan sai Kwatano, sannan ku hau motar haya da ke zuwa yamma, tafiyar kimanin awa biyu. Kada ku canza dukan kuɗinku a bakin iyaka. Ku bari sai kun isa unguwar Zango a Kwatano, inda 'yan canji Hausawa suke, ku yi ciniki da harshenku ku karɓi sefa. A Grand-Popo, masaukan da ke bayan gari sun fi na bakin ruwa araha ƙwarai, kuma kifin da masunta suka fito da shi da safe, idan aka saya a hannunsu aka ba mai masauki ya gasa, ya fi na otal sauƙi. Ku guje wa mako na biyu na Janairu, saboda bikin gargajiya na Ouidah, garin da ke tsakanin Kwatano da Grand-Popo, da ake yi wajen 10 ga wata yana cika yankin da baƙi.

Hajiya Maman 'Yan Biyu:
Alhaji ya yi bayani mai kyau, sai dai ban yarda cewa wannan ce hanya mafi araha ga mai iyali ba, tunda kuɗin fasfon mutum huɗu ko biyar kaɗai zai iya cinye rabin tanadin, ga kuma yadda naira ta faɗi a gaban sefa. Ibeno da ke jihar Akwa Ibom, kusa da Eket, tana da doguwar gaɓa mai yashi, kuma a ranakun aiki kusan babu kowa. A watan Disamba ne ake cika ta, don haka hutun Afrilu ya fi, ko da yake damina tana soma sauka a kudu a lokacin.

Injiniya, Gwarinpa:
Ko ina kuka zaɓa, Malam, kada ka bar yara su shiga ruwan da ya wuce idon sawu. Igiyar ruwan wannan gaɓar tana ja da ƙarfi zuwa ciki ko da saman ruwan ya yi kamar a kwance, kuma wuraren da babu jama'a su ne waɗanda babu masu ceto. Ka tambayi masunta inda suke barin nasu 'ya'yan su yi wanka, ku tsaya a nan.