Neman shawara: katakan jikin Victory sun cunkushe a goshi, hunturu kuma ya buɗe tsaga

Mai neman shawara, daga Kaduna

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A bara na ziyarci ɗana da ke karatu a Ingila, ya kai ni Portsmouth na shiga jirgin ruwan yaƙin nan mai suna Victory, wanda Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya jagoranci rundunarsa a yaƙin Trafalgar daga cikinsa, kuma wanda yake ajiye a busasshen ramin gyaran jirage tun 1922. Abin ya shiga raina ƙwarai, har na sayo kwalin kayan haɗa ƙaramin samfurinsa na katako a ma'aunin 1:72, wato an rage tsawon komai sau 72, da niyyar ya zama abin da zan riƙa yi tunda na yi ritaya. Ban taɓa haɗa jirgi ba kafin wannan.

Na kafa ƙashin bayan jirgin, wato dogon katakon da ke ƙasansa daga goshi zuwa ƙeya, da haƙarƙarinsa ba tare da wahala ba, sannan a watan Agusta na fara manna siraran katakai na shimfiɗar farko daga sama zuwa ƙasa. A tsakiyar jirgi suna kwanciya lafiya, amma da sun doshi goshi sai su ƙi lanƙwasa, su hau kan juna kamar matakala, har guda 3 sun karye a hannuna. Na manna 14 a hagu, 8 a dama. Da hunturu ya shigo sai tsaga ta buɗe tsakanin katakan har reza tana iya shiga, kuma idan na hango jirgin daga goshi ina ganin kamar ƙashin bayan ya ɗan karkace. Shin in ɓanɓare duka in sake, ko akwai gyara? Idan katakon ya ƙare, wanne zan samu a nan? Ina kuma son sanin launin da ya dace, domin hoton kwalin rawaya ne sosai, wanda na gani da idona kuwa ya fi haske, har yana ɗan jan ja.

Tsohon kafinta, daga Zariya

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai ina da tambaya ɗaya, ko da yake ina jin na san amsarta: ka goge gefen haƙarƙarin kafin ka fara manna katako? Haƙarƙarin yana fitowa daga kwali da gefe a tsaye, kamar yadda inji ya yanka shi, alhali jikin jirgi yana lanƙwasa ne zuwa goshi, saboda haka idan ba a karkata gefen kowane haƙarƙari da samfefa ba, katakon zai taɓa kaifin baki ɗaya kawai, ya yi gwiwa a wurin, kuma a nan yake karyewa. Hanyar gwaji ita ce ka ɗora siririn katako ɗaya a kan haƙarƙari huɗu ko biyar a jere, ka duba ko ya kwanta a kan faɗin kowannensu gaba ɗaya. Goshin Victory kuwa ba mai tsini ba ne, kumburarre ne kamar cikin tulu, shi ya sa ya fi yawancin jirage wahalar rufewa, kuma shi ya sa masu wannan aiki suke cike ramin da ke tsakanin haƙarƙari biyu ko uku na farko da guntun katako mai laushi, su sassaƙe shi daidai da siffar goshin, domin katakai su sami wurin kwanciya.

Karkatar ƙashin baya kuwa daga 14 da 8 ɗin nan ta fito. Kowane katako da ka manna yana jan jirgin zuwa ɓangarensa, don haka ƙa'ida ita ce ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kuma ƙashin bayan yana matse tsakanin sanduna biyu miƙaƙƙu da aka kafa a kan allo mai kauri. Shawarata ita ce ka ɓanɓare duka. Idan da farin gam na kafintoci ka yi aiki, ka jiƙa mahaɗar da ruwan zafi ko sifirit na kemis, ka ba shi 'yan mintoci, zai saki ba tare da haƙarƙarin ya tsage ba.

Malama mai haɗa samfurin gine-gine, daga Abuja

Baba ya gano ciwon daidai, amma da izininsa ban ga dalilin ɓanɓare duka ba tukuna. Wannan shimfiɗa ta farko tushe ce kawai, akwai ta biyu da za ta rufe ta, sannan duk abin da ke ƙasan layin ruwa, wato iyakar inda ruwa ke kaiwa a jikin jirgi, jan ƙarfe zai lulluɓe shi, na sama kuma fenti. Tsagar da reza ke shiga ana cike ta da garin katako da aka kwaɓa da gam, a goge, babu wanda zai sake ganinta. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne karkatar ƙashin baya, domin ita za ta bi ginshiƙan jirgi uku masu riƙe ƙyallayen iska har sama, ta sa kowace igiya ta fi 'yar'uwarta tsawo. Saboda haka, Alhaji, ka fara cire katakai 6 da suka yi yawa a hagu, ka matse ƙashin bayan kamar yadda Baba ya faɗa, ka ja zare daga goshi zuwa ƙeya ka gani. Idan ya miƙe, sai ka saki gaban sauran katakan daga haƙarƙari na huɗu zuwa goshi kawai, ka gyara goshin, ka mayar da su. Idan bai miƙe ba, maganar Baba ta tabbata.

Akwai kuma abin da ba a ambata ba, wanda a ganina shi ne asalin hawan katakai kan juna. Nisan da ke tsakanin ƙashin baya da saman jirgi ya fi yawa a tsakiya fiye da goshi, alhali adadin katakan da za su rufe wuraren biyu ɗaya ne, don haka dole kowane katako ya sirance yayin da yake nufar goshi. Ka yanka siraran takardu, ka auna gefen kowane haƙarƙari da su. A misali, idan na tsakiya ya ba ka milimita 150 kuma faɗin katakonka milimita 5 ne, katakai 30 kake bukata. Idan haƙarƙarin kusa da goshi ya ba ka milimita 105, ka raba da 30, kowane katako zai zama milimita 3.5 a daidai wannan wuri. Ka sa alamomin a jikin haƙarƙarin da fensir, ka riƙa rage katakon daga gefe ɗaya kawai. Kada ka bar katako ya sirance ƙasa da rabin faɗinsa, kuma kada ya ƙare da tsini kamar allura, domin maƙeran jirage na gaske ba su yin haka, ƙusa ba ta da wurin kamawa a tsini. Idan lissafi ya kai ka can, sai ka tsayar da katako ɗaya kafin goshi, biyu su koma ɗaya. A ƙeya kuma akasin haka ne, wuri yana buɗewa, sai a cusa gajeren katako a cike.

Game da hunturu, ina kyautata zaton ka manna katakan suna jiƙe, kuma a tsakiyar damina. Katako jiƙaƙƙe yana kumbura ta faɗinsa, idan ya bushe ya tsuke, iskar hunturu kuwa ta ƙarasa abin da ya rage. Jiƙawa don lanƙwasawa ce kawai: ka jiƙa shi a ruwan ɗumi, ka lanƙwasa shi a jikin ƙarfen soda irin na masu gyaran rediyo, ka kafa shi a jikin jirgi da fil na tela ba tare da gam ba, ka bar shi ya kwana, sannan washegari ka manna. Idan ka gama shimfiɗar farko ka shafe cikin jirgin da gam da aka tsinka da ruwa kafin ka rufe sama. Maganar katako kuwa ka yi sa'a, domin obeche da ake kawowa kasuwannin katako daga kudancin ƙasar nan, shi ne ɗaya daga cikin katakan da masu haɗa samfuri a Turai suke amfani da su, yana da laushi kuma yana lanƙwasa. Ka guji maɗaci a shimfiɗar waje, ramukan jikinsa manya ne, a wannan ma'auni za su fito kamar jirgin ya yi zanzana.

Malamin tarihi, daga Kano

Ni ba gwanin katako ba ne, amma zan iya taimakawa a kan launi, kuma ina roƙon Alhaji ya yanke shawara ɗaya tun yanzu: Victory na wace shekara yake ginawa? An kafa ƙashin bayansa a Chatham da ke Ingila a 1759 bisa zanen Thomas Slade, aka saka shi a ruwa a 1765, kuma jirgin da ya shiga Trafalgar ranar 21 ga Oktoba 1805 ya sha bamban da na farkon. A babban gyaran da aka yi masa tsakanin 1800 da 1803 an rufe barandar ƙeyarsa da tagogi, an kuma sauya sassaƙen da ke goshinsa da wanda ya fi sauƙi, mai ɗauke da tambarin gidan sarauta. Mafi yawan kwalaye siffar 1805 suke bi, don haka kada a ɗauko ado daga zanen 1765 a cakuɗa.

Idonka bai yaudare ka ba, Alhaji. Rawayar da aka saba gani a hotuna ta daga baya ce. Masu kula da jirgin sun kankare tsofaffin fentin da suka taru a jikinsa sun bincika, kuma a 2015 aka sake fentinsa da launin da binciken ya nuna, wato ruwan ƙasa mai haske da ke ɗan jan ja a layukan jikinsa, baƙin da ke tsakaninsu ma ya fi kusa da ruwan gawayi. Abin lura shi ne layukan masu haske suna bin jerin tagogin igwa ne, ba sa bin kaurarran katakan ɗamara da ke zagaye jikin jirgi, domin ɗamarar ta fi hawan jirgi lanƙwasa, har tagogin suna yanka ta wajen ƙeya. Murafun tagogin baƙaƙe ne daga waje, shi ne ke ba jirgin kamannin allon dara idan an rufe su.

Igwoginsa a Trafalgar 104 ne, kuma ba girmansu ɗaya ba: 30 masu harsashin laba 32 a hawan ƙasa, 28 masu laba 24 a na tsakiya, 30 masu laba 12 a na sama, wasu 14 masu laba 12 a buɗaɗɗen sama, sai gajeru biyu masu laba 68 a goshi. Ka ware su a gwangwani daban tun yanzu, domin a hannu suna kama da juna. Jan ƙarfen kuwa a 1780 aka fara sa masa, falle 3,923, don kare shi daga tsutsar da ke huda katako da kuma ciyawar ruwa da ke rage gudu. Kowane falle tsawonsa ƙafa 4 ne, faɗinsa inci 14, wanda a ma'auninka ya zama kusan milimita 17 da 5. Ana farawa daga ƙeya da ƙashin baya ana yo gaba, domin bakin na gaba ya hau kan na baya.

Ɗan'uwa da ya kai matakin igiyoyi, daga Yamai

Alhaji bai tambayi igiya ba tukuna, amma akwai abubuwan da na yi nadamar rashin saninsu da wuri. A zamanin da yake aiki a teku, jirgin na gaske yana ɗauke da igiya kimanin kilomita 42 da ƙananan kura irin ta jan guga guda 768, saboda haka wannan mataki yana iya cin lokaci kamar ginin jikin gaba ɗaya. Igiyoyin da ke riƙe ginshiƙai ana shafa musu kwalta, don haka baƙaƙe ne masu jan ruwan ƙasa, waɗanda ake ja don sarrafa ƙyallayen iska kuwa launin zare suke da shi. Ka ja kowane zare a kan kakin zuma don gashinsa ya kwanta, domin ƙurar hunturu a gashin zare take maƙalewa, kuma ka ɗaure ƙulli da ɗigon farin gam tsinkakke maimakon gam mai kamawa nan take, wanda ke busar da zare har ya karye. Abin da ya shafe ka yau shi ne ka kafa duk ƙananan zobba da maɗauran igiya da ke gindin ginshiƙai kafin ka tsayar da ginshiƙan, domin daga baya ko matsefata ba za ta isa wurin ba. Ka kuma auna wurin ajiya, tsawon samfurin zai kusa mita 1.4, kuma yana bukatar akwatin gilas.

Tsohon kafinta, daga Zariya

Na yarda da lissafin Malama, ya fi nawa bayani. Abu ɗaya kawai zan ƙara a kan cikon garin katako: kada a dogara da shi a jerin tagogin igwa, domin can za a huda ramuka masu kusurwa huɗu kusan ɗari, kuma ciko yana ɓarewa a bakin wuƙa. Katakan wannan sashe dole su haɗu baki da baki.

Mai neman shawara, daga Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, gaskiya ne ban goge haƙarƙari ko ɗaya ba, kuma da na koma takardar bayanin na tarar an rubuta hakan a layi ɗaya da na tsallake. Jiya na cire katakai 6 na hagu da ruwan zafi, na matse ƙashin bayan ya kwana, yau da safe na ja zare, saura karkata kamar milimita 2 a wajen ƙeya. Zan bar shi a matse har Juma'a, idan bai dawo ba zan cire sauran 16 ɗin. Na kuma zaɓi 1805 da launin da na gani da idona. Malama, na auna haƙarƙari na biyu da takarda, lissafin ya ba ni milimita 2.2 ga katako mai faɗin 5, wato ƙasa da rabi. A wane haƙarƙari ya kamata in tsayar da katakon farko, kuma gara ya kasance ƙasan layin ruwa inda jan ƙarfe zai rufe shi?